Yadda Na Kai Kilitus Gida

Tun da na dawo daga ƙasar Ibo ban ƙara samun sakat a majalisarmu ta Ƙofar Guga ba. Wannan ya tambaye ni ko da gaske ne a tsakar gida suke binne mutum, wancan ya ce me na ci a can, wani kuma, wanda ba sai na faɗi sunansa ba, yana bin mutane yana cewa wai na shiga coci na durƙusa. Bakina ya gaji. Ga labarin nan na rubuta shi daga farko har ƙarshe, wanda ya iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba ya nemi jikansa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sule. Na yi aikin tuƙa motar asibiti har na yi ritaya, na sa kuɗin sallamata na sayi wata tsohuwar bas ina ɗan jigila tsakanin cikin gari da Batagarawa. Kilitus kuwa Ibo ne mai gyaran janareto da injin niƙa. Ya zo Katsina bayan yaƙin basasa, ya kama shago kusa da inda nake wanke mota, muka saba har muka tsufa tare. In Sallah ta zo cinyar ragona tasa ce, in Kirsimeti ta zo ni nake yanka masa akuya don ni ma in samu in ci. Ɗan Katolika ne na gaske, carbinsa ba ya barin aljihu. Na taɓa yi masa tayin addinina, shi ma ya yi mini tayin nasa, kowa ya ce ya gode, muka ci gaba da ɓarar gyaɗarmu.

Ya rasu a ƙarshen daminar shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Kafin ya cika na je duba shi, ya kama hannuna ya ce, "Sule, abu biyu. Kai za ka kai ni gida, ban yarda da direban haya ba. Sannan ka tsaya ka ga Ɗanladi ya zuba mani ƙasa. Yayana ba zai so ba." Na ce masa in Allah ya yarda an gama.

Ɗanladi shi ne ɗansa na fari. Yana da sunansa na Ibo, amma a nan aka haife shi ranar Lahadi, sunan da matan unguwa suka sa masa shi ya bi shi. Yanzu magidanci ne, malamin makaranta a Aba. A al'adarsu ɗan fari ne yake fara zuba wa ubansa ƙasa a kabari, kuma wannan zubawar ita ce shaidar cewa shi ne magajin gida. Wanda aka hana, to an cire shi daga dangi ke nan a gaban kowa, shi da 'ya'yansa. Laifin Ɗanladi shi ne ya bar Katolika ya koma wani coci da ake ce wa mabiyansa Mormon. Ni a lokacin na ɗauka abin bai wuce irin gardamarmu ta masu ƙabalu da masu sadalu ba. Ashe ya wuce nan nesa.

Abu na farko da ya ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jira. Mu da mutum zai rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo ana karɓar gaisuwa, sai ga abokina yana kwance a mutuware mako bayan mako, ana jiran dangi su sa rana, a ɗinka anko, a yi wa gida fenti. Na ce wa matarsa, wadda duk unguwa muke kira Madam, "Wai shi mamacin ba ya gajiya?" Ta ce, "Alhaji, a wurinmu in ka yi gaggawar binne mutum, cewa za a yi ka jefar da shi." Ni dai raina bai so ba.

Ranar tafiya na cire kujerun baya, muka sa akwatin, na ɗaure shi da igiya tam. Ɗanladi, wanda ya iso daga Aba kafin ranar, ya zauna a baya kusa da ubansa, Madam ta shiga gaba. Har na tayar da mota ta ce a tsaya, ba a tafiya da gawa sai an ɗaura tohon kwakwar manja a goshin mota, don duk wanda ya gani ya san abin da aka ɗauko. To ina kwakwar manja a Katsina? Na shiga gida na zaro kaba daga wadda iyalina ke saƙar faifai da ita, na ɗaura a jikin gilashi. Madam ta dubi kabar, ta dube ni, ta ce, "Kilitus ya zama Bakatsine har a mutuwa." Dariyarta ta farko ke nan tun da aka yi rashin.

A Funtuwa muka tsaya karyawa. Na ce wa mai shayi ya haɗa uku masu kauri, sai Ɗanladi ya ce shi a zuba masa ruwan zafi da madara kawai.

"Ba ka da lahiya?" na ce.

"Lahiya lau, Baba. Mu ba mu shan shayi, ba mu shan kofi. Giya da taba ma haka."

Na ce giya da taba na ji, har na yaba, amma addinin da zai raba Bakatsine da shayi sai a yi masa kallo biyu. Madam ta ajiye kofinta ta ce, "Alhaji, da shayi kaɗai suka raba shi da shi da na gode. Tambaye shi wane ne Allahnsa." Ɗanladi ya ce, "Mama, ba a nan ba." Muka koma mota.

Hanyar Zariya zuwa Kaduna ba ta ba mu wahala ba, sai shingaye. Sojojin da muka saba gani da bulala sun koma bariki, 'yan sanda sun gaje wurin, kowa yana murna da sabuwar gwamnati yana kuma miƙo hannu kamar da. A wani shinge wani kofur ya zagaya motar ya tsaya a kan kabar nan, ya ce mene ne wannan. Na ce alamar gawa ce. Ya ce shi mutumin kudu ne, bai taɓa ganin gawar da ta ɗaura tsintsiya ba. Da ya leƙa ya ga akwati sai ya cire hula, ya ce mu wuce.

Bayan mun bar Kaduna ne, a doguwar hanyar nan mai sa barci, na tono maganar da kaina, don direba yana son a yi ta magana a kunnensa. Na ce, "Ɗanladi, ni dai na san ku duka Kirista ne. Mi ya raba ku?" Da Hausa suka yi gardamar, don shi Ɗanladi in abu ya kai masa zuciya Katsinanci ne yake fito masa, ba Ibo ba.

Madam ta riga shi. Ta ce su a Katolika Allah ruhu ne, ba shi da jiki, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, ba ya kama da komai, kuma daga babu ya halicci duk abin da ke akwai. Ina tuƙi ina gyaɗa kai, don har zuwa nan ba ta faɗi abin da zan musa ba. Sai ta ƙara da cewa Allahn nan ɗaya ne, amma Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, uku a cikin zati ɗaya. Nan na daina gyaɗa kan. Na ce, "Madam, uku ne ko ɗaya?" Ta ce ɗaya ne, ukun kuma gaskiya ne, asiri ne da hankalin mutum ba ya kaiwa, ita ma karɓa ta yi ba ganewa ba.

Ɗanladi ya matso ya dafa bayan kujerata. "Baba, mu ba mu ce asiri ne ba. Uba daban, Ɗa daban, Ruhu daban. Su uku ne, abin da ya sa ake ce masu ɗaya shi ne nufinsu ɗaya, ba su saɓa ma juna. Kuma Uba shina da jiki, nama da ƙashi, kamar yadda Ɗa yake da shi, sai dai jiki ne mai ɗaukaka wanda ba ya mutuwa."

Saura kaɗan in hau wata akuya. Na ce, "Subhanallahi! Jiki? Da hannu da ƙahwa?"

"Da huska ma, Baba. Ba an ce ya yi mutum cikin kamanninsa ba? Mu mun ɗauki maganar yadda take."

Madam ta ce, "Ka ji ko? Ka ji abin da na haifa?"

Bai tsaya ba. Ya ce su a wurinsu mutane 'ya'yan Allah ne na haƙiƙa, mun zauna tare da shi a matsayin ruhohi tun kafin a haife mu, an aiko mu duniya ne mu sami jiki mu koyi hankali, kuma wanda ya bi hanya har ƙarshe zai yi ta ɗaukaka har ya zama kamar Ubansa, yadda ɗan maƙeri yake girma ya zama maƙeri. Duniya ma, in ji shi, ba daga babu aka yi ta ba, kayan suna nan tun azal, tsara su aka yi. Madam ta ce wannan ita ce maganar da ta fi ƙona mata rai, don bawa bawa ne, Mahalicci Mahalicci ne, ko a Aljanna mutum ba zai tashi daga halitta ba. Ya ce mata wanda ya kafa cocinsu ya ga Uba da Ɗa da idonsa, su biyu a tsaye, kuma har yau suna da annabi mai rai a Amurka. Ta ce ita Fafaroma ya ishe ta.

Tunda ni na tono, sai da na faɗi nawa. Na ce, "Ku ji ni da kyau. A maganar jiki ina bayan Madam, ba na ko tantama, Allah ya girmi a ce yana da ƙashi. A maganar uku kuwa ba na bayan kowa. Ke kin ce uku ne amma ɗaya, shi ya ce uku ne kuma uku, ni na ce ɗaya ne ba ƙari. Abin da na lura kawai, shi lissafinsa ya fi sauƙin bi, ke kuma Allahnki ya fi kusa da wanda na sani." Duka biyun suka ji haushina, abin da ya sa suka ɗan shirya da juna har muka wuce Abuja.

Mun shiga Lakwaja da sauran rana. Masaukin farko da muka je, mai wurin yana ganin akwati ya ce ɗakuna sun cika, alhali makullai na rataye reras a bayansa. Na biyu ya ce mu mu shiga, amma motar ta kwana a titi. Na ce ban taho da Kilitus daga Katsina don in bar shi a bakin kwata ba. Na juya mota na nemi unguwar Hausawa, na yi sallama da wani dattijo mai sayar da kifi, mutumin Yawuri, na gaya masa gaskiyar abin da na ɗauko. Ya ce, "Mamaci ai baƙon kowa ne," ya buɗe mana ƙofar gareji. Matansa suka ja Madam ciki, aka kawo mana tuwon shinkafa da kifin da ban taɓa ganin mai girmansa ba. Da gari ya waye sai ga shi da tohon kwakwar manja na gaske, ya sa an saro mana. Madam ta ce a bar kabar ma, a ɗaura su tare.

Da safen nan ina duba ruwan lagireto Ɗanladi ya zo ya tsaya kusa da ni. Na ce masa, ba da wasa ba wannan karon, "Kai da aka yi wa tarbiyya, mi ya kai ka?" Ya jingina da motar. Sannan ya ce 'yarsa ta fari ta rasu tana ƙarama, ya yi ta zuwa coci ana ce masa Allah ruhu ne wanda hankali ba ya kaiwa, shi kuwa a lokacin uba yake nema wanda zai iya rungumar yarinyar. Sai wasu masu wa'azin Mormon suka zo suka ce masa Uban yana da hannuwa, kuma iyali ba ya watsewa da mutuwa, za a mayar masa da 'yarsa a matsayin 'yarsa. "Baba, na san ba ka yarda ba," ya ce. Na ce ban yarda ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Amma tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na sa shi ya riƙe mini jarkar ruwa.

Daga Lakwaja muka bi ta Okene da Auci, ƙasa tana ja, daji yana ƙara duhu, ramukan hanya kuwa kowane da na faɗa sai na ce wa Kilitus ya yi haƙuri. Gadar Anaca ita ce iyaka, ko da ba a buga fasfo. Kana hawa kanta ka san ka bar inda ka sani. Cunkoson da na gani a bakinta ban taɓa ganin irinsa ba, 'yan kamasho suna dukan mota, kowa yana ihu kamar ana gobara, alhali ciniki kawai ake yi. Amma da sun hango tohon nan sai su ja baya, wasu su yi alamar gicciye a ƙirji. Wani matashi ma ya shiga gabanmu yana kore mana amalanke har muka fita, bai nemi ko sisi ba.

Ƙauyen su Kilitus yana gaba da Anaca, a cikin itatuwan kwakwa. Tun daga nesa mata suka tare mu da kuka, maza suka harba bindigar toka har na taka birki ba shiri. Wanda ya karɓe mu shi ne Fiyus, yayan Kilitus, tsoho dogo mai sanda, wanda ya yi shekaru yana karantar da addini a cocin ƙauyen. Ya yi aikin jirgin ƙasa a Gusau kafin yaƙi, Hausarsa tana nan daram. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi mini godiya har na ji kunya. Ɗanladi ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri.

Ba zan ɓoye ba, sun karrama ni. Aka ba ni ɗaki ni kaɗai, aka kawo buta da tabarma ba tare da na roƙa ba. Aka jawo akuya aka miƙo mini wuƙa, aka ce in yanka da kaina don in ci da natsuwa. Na ci sakwara da miyar agushi har na nemi ƙari. Akwai wani tuwon rogo mai tsami da suke ji da shi, shi kam na gaisa da shi sau ɗaya muka rabu lafiya. Da aka fito da bammi da giya kowa ya ja kujera, sai ya zama mutum biyu ne kawai a gefe da kwalbar lemo, ni da Ɗanladi. Wata tsohuwa ta nuna mu ta faɗi wata magana aka fashe da dariya. Wai cewa ta yi ga Alhaji babba ga Alhaji ƙarami.

Washegari da hantsi na sami Fiyus a zauren gidan, na isar da saƙon mamaci kamar yadda aka ba ni. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Alhaji, ƙanena ciwo ne ya tausasa shi. Ni na riga na faɗa a gaban dangi. Yaron nan ya tsaya a bakin rami ya furta abin da ubansa ya yi imani da shi, Allah ɗaya, ruhu, marar farko. In ya faɗa, ga shebur. In bai faɗa ba, ƙanensa zai zuba. Wanda ya ce Allah yana da ƙashi, kuma shi ma wata rana zai zama irinsa, ba Allahn Kilitus yake bauta wa ba."

Na ce, "Baba, ƙasa ai ba addu'a ba ce. Ɗa ne zai rufe ubansa."

Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Na zauna da ku, na san ku. Da ɗanka ne ya zo maka da wannan magana, a Katsina, za ku ba shi gaba a jana'izarka?"

Na san amsar, shi ma ya san na sani. Da a wurinmu ne, abin da zai faru ya fi hana shebur. Na tashi na fita. Na je na sami Ɗanladi na ce ko zai faɗi kalmomin nan kawai a wuce wurin. Ya ce, "Baba, kai za ka hwaɗi abin da ba ka yarda da shi ba a kan kabarin ubanka?" Nan ma na san amsar. Fadan cocin da zai yi sallar gawar ma an kai masa maganar, ya ce shi nasa addu'a ne, shebur na dangi ne. Haka aka shiga ranar jana'iza ba a warware komai ba.

An tafi da akwatin coci, ni na zauna a gindin mangwaro a waje, mai cewa na durƙusa ya ji da kyau. Da aka fito sai ga 'yan badujala, ga wasu samari masu farar safar hannu da aka yi hayarsu sun ɗauki Kilitus a kafaɗa suna rawa da shi, su yi gaba su yi baya. Mutumin da ko a bikin 'yarsa bai taka rawa ba. Na ji kamar in ƙwace shi. A haka aka iso gida, inda aka haƙa ramin a tsakar gida, dab da ƙofar ɗakinsa.

Aka ajiye akwatin a bakin rami, fada ya yi addu'arsa ya yayyafa ruwa ya ja baya. Samarin nan suka zagaya bayan gida. Fiyus yana tsaye ta wajen kai da sandarsa, Ɗanladi yana can baya cikin mutane kamar baƙo, akwati yana zaune a rana, ba wanda ya motsa.

To ku kun san yadda muke yi. In an kai mamaci bakin kabari ba a jiran a ce wa kowa komai, na kusa da shi su ne suke tuɓe takalmi su sauka su tarbe shi da hannunsu su kwantar. Abin kunya ne a ce gawa ta iso ba wanda ya sauka. Ni da na ga an yi cirko-cirko, sai na ɗauka rigimar nan ce ta sa kowa yake ƙyashin sauka. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, abokina ba zai rasa mai tarbarsa ba ina tsaye. Na tuɓe babbar riga da takalmi, na dafa baki na dira.

Ban san igiya samarin suka tafi ɗaukowa ba. Su da igiya suke zura akwati, kuma a ƙauyen nan mai rai ba ya shiga ramin in ba mahaƙi ba. Ban kuma san zurfin ramin ba. Namu iyakarsa ƙugu, nasu kuwa ya shanye ni har hula, gwiwata ta amsa. Na ji ihu ya tashi a sama, na ɗauka kukan rabuwa ne. Na ɗaga kai na daka tsawa da iyakar muryata, "Ɗanladi! Kana tsaye kana kallo? Sauko ka tarbi ubanka!"

Yaro ne da aka haifa a Katsina, ya ga jana'izar unguwa tun yana ƙarami. Bai yi shawara da kowa ba, sai ganinsa na yi ya diro a ɗaya gefen da fararen kayansa.

Samarin suka dawo da igiya suka tarar da mutum biyu a rami. Suka dubi Fiyus, Fiyus bai hana ba, su kuma an biya su ne su sauke akwati, suka sauke. Muka tallabe shi, ni ta ƙafa, Ɗanladi ta kai, muka daidaita shi har ya zauna. Aka miƙo hannuwa aka fizge ni sama kamar buhun gero. Shi kuwa ba wanda ya miƙa masa, don ta gefensa Fiyus ne a tsaye, kowa yana tsoron tsohon.

Ɗanladi ya ɗan jima dafe da akwatin yana kuka. Sannan ya kama bakin ramin zai hau da kansa. Ƙasar jiƙaƙƙiya ce, ta ɓalle a hannunsa, guda guda, ta zuba a kan murfin akwatin. Duk wanda ke tsakar gidan nan ya ji ƙarar. Matan da ke ihu suka yi shiru. Ɗanladi ya tsaya yana kallon tafin hannunsa, ja wur da ƙasa.

Fiyus ya daɗe yana kallon cikin ramin. Ni dai na ce yau za a kore mu daga garin nan da duwatsu. Sai na ga ya miƙa wa wani sandarsa, ya durƙusa da ƙyar a kan tsofaffin gwiwoyinsa, ya zura hannu. Wasu suka riƙe tsohon ta baya, aka jawo su tare. Ya faɗa wa Ɗanladi wata magana da Ibo a gajarce, ya karɓi shebur ya danƙa masa. Na tambayi Madam abin da ya ce, tana share hawaye ta ce, "Cewa ya yi, wannan 'yar kaɗan ba ta isa ba, zuba masa kamar ɗan fari."

Ni kuwa dattawa suka zauna a kaina, suka yanke mini tarar zakara saboda shiga rami, na biya ba gardama, ni na yanka shi kuma aka ci da ni.

Ranar da zan taho, da rana ta ɗan ɗaga, Fiyus ya rako ni har bakin mota. Har a lokacin bai sauka daga ra'ayinsa ba ko taƙi, da safen ma na ji su da Ɗanladi a zaure suna ta fama a kan ko Allah yana da farko. Ya dafa ƙofar motar ya ce, "Alhaji, ka ɓata mana al'ada."

Na ce, "Na sani yanzu, Baba. A gafarce ni."

"Tsakaninka da Allah, da gangan ka yi?"

"Wallahi ban sani ba. Da na san zurfinsa ma da ban dira ba."

Ya yi 'yar dariya, sannan idonsa ya kawo ruwa. Ya rage murya ya ce, "Tun ranar da na furta maganar nan a gaban dangi nake neman hanyar janye ta, ban samu ba. Yaron nan ni na riƙe shi ranar da aka yi masa baftisma. Da ka san al'adarmu, da yanzu ba ni da shi."

Ya saki ƙofar, na tayar da mota. Na dawo Katsina lafiya ni kaɗai da motar wayam, godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya kuma dawo da ni.